Haihuwar Elfawa ta cakuɗe min a labarina

Assalamu alaikum. Ina rubuta labarin almara mai jinsi uku: mutane, wadannin ƙarƙashin dutse, da Elfawa, wasu halittun almara masu kama da mutane, masu rayuwar shekara 1000. Na wadanni da sauƙi, suna aure suna haihuwa kamar kowa. Elfawan ne suka hana ni sakat.

Da na bar su suna haihuwa irin ta mutane, sai mace ɗaya ta tara 'ya'ya ɗaruruwa, suka mamaye ko'ina. Na mayar da abin haihuwa ɗaya a shekara 100, sai yaƙi guda ya kusa ƙarar da su, ga yaro yana tashi ba sa'an wasa, ba wa ba ƙane. Da na sa su riƙa tsirowa daga bishiya kuwa, sai hakan ya rushe min gadon sarauta.

Don Allah wace ƙa'idar haihuwa ce za ta hana su yin yawa, kuma ba za su ƙare ba?