Me ya sa Levi Morton ya ƙi takarar mataimakin shugaban Amurka a 1880?

Ɗalibin Tarihi:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske game da Levi Morton, mai banki a birnin New York, wanda ya zauna a Majalisar Wakilan Amurka daga 1879 zuwa 1881. An ce ɓangaren James Garfield, ɗan takarar shugaban ƙasa na jam'iyyar Republican, ya yi masa tayin zama abokin takara a zaɓen 1880, amma ya ƙi. Wane dalili ne zai sa sabon ɗan majalisa ya yi watsi da irin wannan dama?

Malam Na-Tudu:
Wa'alaikumus salam. Biyayya ce ga ubangidan siyasa. Morton yana tsagin Sanata Roscoe Conkling, wanda ya so jam'iyyar Republican ta sake tsayar da tsohon shugaban ƙasa Ulysses Grant, kuma da babban taron jam'iyyar ya zaɓi Garfield, sai Conkling ya fusata, ya hana Morton karɓar tayin. Chester Arthur, wanda shi ma ɗan tsagin ne, ya karɓa ba tare da yardar maigidan ba. Da aka harbi Garfield a watan Yuli na 1881 ya cika a Satumba, Arthur ne ya gaji kujerar shugaban ƙasa.

Hajiya Mai Lissafi:
Malam, bayaninka daidai ne, amma a ganina akwai lissafin ɗan kasuwa a ciki. Morton ya taɓa karyewa a 1861, lokacin da yaƙin basasa ya hana shi karɓo basussukan da yake bin 'yan kasuwar Kudu, sannan ya buɗe banki a 1863, ya kuma biya waɗanda suke bin sa sauran kuɗinsu daga baya. Wannan riƙon amana ya ɗaga sunansa, har reshen bankinsa na Landan ya zama wakilin kuɗi na gwamnatin Amurka a can. Mutum irin wannan, ma'aikatar baitulmali yake hange, ba kujerar da a wancan zamani ba ta da wani iko ba. Ya tara wa Garfield kuɗin yaƙin neman zaɓe da wannan fata, amma abin da ya samu shi ne jakadancin Faransa, inda ya zauna har 1885.

Malam Na-Tudu:
Hajiya, da kujerar mataimakin shugaba ya raina, da bai karɓe ta ba a ƙarƙashin Benjamin Harrison daga 1889 zuwa 1893. A nan ma bai tsira da 'yan jam'iyyarsa ba, domin lokacin da Majalisar Dattawa ke muhawara kan ƙudurin kare ƙuri'ar baƙaƙen fata a Kudu, Morton, wanda a matsayinsa na mataimakin shugaban ƙasa yake shugabantar zaman majalisar, ya ƙi karkata hukuncinsa don a dakatar da jan ƙafar 'yan Democrat, ƙudurin ya mutu, 'yan Republican kuma suka maye gurbinsa da Whitelaw Reid a takarar 1892.