Jijjigar waya ga makafi: me ya sa wata ke da kaifi, wata kuma sai gurnani?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. Makaho mai amfani da TalkBack, manhajar Android mai karanta abin da ke kan allo da murya, idan ya shiga hayaniyar kasuwa, muryar waya ba ta jiyuwa, sai ya dogara da jijjiga. To a wasu wayoyin duk abin da ya taɓa jijjigar iri ɗaya ce, ga ta da makara. Saiti ne ko inji?

Mai Gyara: Wa alaikumus salam. Galibi inji ne, kuma iri biyu ne. Na farko, ERM, ɗan injin juyi ne da aka ɗaura wa ƙarfe mai nauyi a gefe guda. Sai ya ɗau gudu kafin a ji shi, kuma ko wuta ta yanke ba ya tsayawa nan take. Shi ya sa taɓi biyu a jere ke haɗewa su zama gurnani ɗaya. Wayoyi masu arha shi suka fi sawa. Na biyu, LRA, maganaɗisu ne a kan sifirin, yana kai da komo wajen sau 150 zuwa 250 a daƙiƙa, kusa da inda fatar yatsa ta fi ji. Yana tashi ya tsaya cak. Taptic Engine da Apple ya sa a iPhone 6s a 2015 daga wannan dangin yake.

Kafin a saya, a ba wanda zai yi amfani da wayar ya rubuta kalma da sauri. In ya iya ƙirga haruffan da yatsa, injin ya yi.

Malamar Makafi: Gaskiya ne, Malam, amma a fara da saiti. A cikin saitin TalkBack a kunna Vibration feedback. A Gboard, madannin rubutu na Google, a shiga Preferences a kunna jijjigar maɓalli, a rage tsawonta zuwa wajen milisakan 20 ko 30. Doguwa ce ke cakuɗa haruffa. Sannan a duba yanayin adana batir, domin a wayoyi da yawa yana kashe jijjigar taɓi ba tare da sanarwa ba. Ga makaho wannan ba ƙaramar cuta ba ce. Rigar waya ta roba mai kauri ma tana shanye jijjigar.

Mai Manhaja: Wani laifin na masu ƙirƙirar manhaja ne. Tun Android 8.0 a 2017 ana iya zaɓar ƙarfin jijjiga daga 1 zuwa 255, in injin ya yarda, kuma Android 11 ya kawo alamar amincewa da ta ƙin amincewa daban-daban. Duk da haka sai ka ga "kuɗi sun tafi" da "lambar sirri ba daidai ba" suna jijjiga iri ɗaya. Ya kamata nasara ta zama bugu gajere, kuskure ya maimaita, kada kuma kowane taɓi ya yi jijjiga.

Mai Gyara: Ƙari: in jijjigar ta raunana bayan canza gilashi, a buɗe a duba gam ɗin injin. In bai manne da jikin wayar ba, zai yi ta ƙara a ciki amma hannu ba zai ji ba.