Injin Adana 8x5 yana buga rubutu da dabbare-dabbare: ina matsalar take?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Injin ɗab'i ne na hannu, Adana 8x5 ƙirar Ingila, an wanke tsatsarsa an shafa mai. Katin gayyata ake so a buga da haruffan dalma, amma gefen dama yana fitowa baƙi ƙirin, hagu da kyar ake ganinsa, kuma ramin cikin haruffa irin su a da e da o duk ya cike da tawada. A ƙara tawada ne ko a ƙara matsi?

Tsohon mai jera haruffa: Wa alaikumus salam. Kada ki ƙara ko ɗaya tukuna, 'yata. Cikewar ramin harafi alamar abu biyu ce: tawada ta yi yawa, ko rola, wato robar da ke mirginawa tana shafa wa haruffa tawada, ta sauka ƙasa tana shafa gefen harafi bayan samansa. Fara da rola. Tsayin harafin Ingila da Amurka, daga gindin dalmar zuwa fuskar da ke bugawa, inci 0.918 ne, wato kusan milimita 23.3, kuma rola taɓa samansa kawai za ta yi ta wuce. Akwai ma'aunin da ake gwadawa da shi, ƙarfe zagayayye a kan sanda kamar alewar tsinke, kaurinsa daidai da tsayin harafi. Ki cire firam, wato ƙarfen da ake ɗaure haruffa a cikinsa, ki sa tawada a rola, ki zura ma'aunin ƙarƙashinta. Zanen da tawada za ta bari a jikinsa ya kasance kusan milimita 2 a faɗi. In ya kai 4 ko 5, rola ta yi ƙasa. A gwada kusurwa huɗu, ba tsakiya kaɗai ba.

Makaniken inji: Gaskiyar Baba ce. Na ƙara da cewa a duba tayoyin da ke bakin rola biyun. Kaurinsu ya zo ɗaya da na rolar. In taya ta cinye, ko an sake zuba roba ta fi tayar kauri, rola za ta riƙa jan ciki a kan harafi maimakon ta mirgina. Maganin wucin gadi shi ne a manna salatif a kan dogon da tayoyin ke bi, falle ɗaya-ɗaya, ana gwadawa bayan kowane falle. Kada a yi amfani da baƙin tef ɗin masu gyaran wuta, yana da taushi, kuma zafi na sa shi zamewa.

Batun dama da hagu kuwa daga bayan injin yake. A wannan injin noti huɗu ne ke tallafe da gadon da firam ke zama. Ki sassauta su, ki jera babban harafi ɗaya a kowace kusurwa, ki buga ba tawada, ki shafa bayan takardar da yatsa. Kusurwar da ba ki ji tudu ba, ki ɗaure notinta rubu'in juyi, ba fiye ba, ki sake bugawa. In an daidaita sai a kulle. Wanda ya ɗaure gefe ɗaya da yawa, ɗaya gefen zai tashi, a koma gidan jiya.

Mai buga katin biki: Tawadar da ake bukata a farantin da rola ke ɗibar tawada a 8x5 ba ta wuce ƙwayar wake ba. A murza ta da wuƙa a kan gilashi har ta saki, a ɗiga a faranti, a yi ta jan hannu babu firam a ciki har ta bazu. Kunne ma yana aiki a nan: in rola na wucewa da ɗan sauti siriri, daidai ne, in kuwa tana ƙara caɓ-caɓ, ta yi yawa, a ɗora takarda a kwashe. Tawadar injin ofset, wato babban injin ɗab'i na zamani, da ake samu a kasuwa tana yi sarai. Sai dai da mai ake haɗa ta, in ta kwana a rola ta bushe, wankinta wahala ne. Tawadar da aka haɗa da roba tana iya kwana, amma ba ta bushewa a takarda mai sheƙi, sai ka ga kati ya shafa wa ɗan'uwansa baƙi bayan kwana biyu. Kowace iri aka sa, kada a tara kati kan kati da ɗanyar tawada, a sa fallen takarda a tsakani.

Malamar zane: Ni abin da ban ga an taɓo ba shi ne irin rolar kanta. Tsofaffin rolar da aka zuba da gam da gilisirin ba su jure yanayinmu. Da bazara suna laushi har su narke, da damina su kumbura, da hunturu su tsuke su tsattsage, ga ɓera da kyankyaso suna cinsu. Saitin da aka yi a Disamba ba zai yi a Agusta ba. Gara a kai a zuba roba mai taushi, kuma a gaya wa mai zubawar cewa ta injin haruffa ce, domin wadda ta yi tauri ba ta ɗaukar tawada yadda ya kamata. Bayan aiki a cire rola a rataye ta a kan ƙarfenta. In ta kwana a kan faranti sai gefe ɗaya ya baje, kullum kuma wannan wurin zai bar farin layi a bugu.

Mai buga katin biki: Hajiya, wajen wanki ni man gyaɗa nake fara sawa ya narkar da tawadar, sannan kananzir kaɗan a tsumma.

Makaniken inji: Man gyaɗan nan ban cika so ba, Alhaji. In bai fita tas ba, gobe rola za ta ƙi kama tawada, ragowarsa kuma yana yin danƙo. Kananzir kaɗai ya isa, a bi da busasshen tsumma. Fetur da tina, ruwan tsinka fenti, ne dai ba a kusanto da su, suna busar da roba.

Tsohon mai jera haruffa: Kafin a zargi inji a duba ɗaurin firam. A ɗora shi a kan shimfiɗaɗɗen dutse ko gilashi mai kauri, a ɗaure matsan gefe sama-sama, a ɗora lafiyayyen katako a kan haruffa a ɗan bubbuga su zauna, sannan a ƙarasa ɗaurewa. A ɗaga gefe ɗaya kaɗan a danna layuka da yatsa. Harafin da ya motsa, layinsa bai cika ba, a cusa siririyar takarda ko jan ƙarfe. Ɗauri mai tsanani kuma yana sa tsakiya ta yi doro. In harafi ɗaya ne kawai ba ya fita, tsufa ne ya rage masa tsayi, a manna ɗan guntun takarda mara kauri a shimfiɗar da ke bayan kati, daidai inda yake sauka. A kula da haruffan Jamus da Faransa da kan zo gauraye, tsayinsu milimita 23.56 ne, guda ɗaya a cikin layi zai hana maƙwabtansa taɓa takarda. Kuma dalma ce, a wanke hannu kafin cin abinci.

Mai tambaya: Na gode, Baba. To akwatin haruffan babu ƙ da ɗ da ɓ, ga shi katin da Hausa ne. Ana kuma son rubutun ya nutse cikin takarda, irin na yayi.

Malamar zane: Akwatunan Ingila ba su cika zuwa da masu ƙugiya ba. Mafita ita ce a tsara rubutun a kwamfuta, a fitar da fim, a gasa farantin folima, wato fallen roba da ake haska wa fitila rubutun ya fito da tudu. Mai kaurin milimita 0.95 ana manna shi a kan tubalin alminiyam yadda jimlar za ta kai 23.3. Folima ba ta yafe kuskuren rola ko kaɗan saboda raminta gajere ne, kuma ruwa yana lalata ta, don haka kada a wanke da shi. A tabbata maƙalan da ke riƙe takarda ba za su daki tubalin ba. Mai son zane kuma zai iya sassaƙa lino, wato falle mai taushi irin na shimfiɗar daɓe, ya manna a filawud na milimita 18, ya cike gibin da kwali a ƙasa.

Makaniken inji: Nutsewar nan ba aikin Adana ba ne. An ƙera shi don harafi ya taɓa takarda ya tashi, kuma ko da firam ɗin inci 8 da 5 ne, abin da yake iya bugawa da kyau bai kai rabinsa ba. In aka tilasta shi, jikinsa ke tsagewa, haruffan dalma kuma su baje. Layi uku ko huɗu a takarda mai taushi ta auduga, mai nauyin giram 300 a murabba'in mita, wadda aka kwantar cikin leda tsakanin fallaye masu ɗan danshi tun dare, za su ɗan nutse ba tare da ƙarin matsi ba, kuma da hunturu danshin nan yana taimaka wa tawada zama. Abin da ya wuce haka a kai wa masu babban injin Heidelberg mai fiffike, waɗanda yanzu yawanci yankan kwali da buga lamba ake yi da su.