A agaza: me za mu kira rauta da Hausa?

Mai Fassara: Assalamu alaikum jama'a. Ina fassara wani ɗan littafi da ke koyar da yadda ake haɗa kwamfutocin gida su ci gajiyar layin intanet guda, kuma gobe da safe zan miƙa shi. Modem, wato na'urar da ke karɓo layin intanet daga kamfani, na bar shi modem, kalmar sirri ba matsala. Rauta ce ta tsaya mini a wuya, ga ta a kusan kowane shafi. Sai kuma suwic.

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam. Na'urar raba intanet mana. Kowa zai gane.

Mai Fassara: Hajiya, na gwada. Ji yadda ta fito: “Kashe na'urar raba intanet, ka zare kebul ɗin da ke bayan na'urar raba intanet, sannan ka sake kunna na'urar raba intanet.” Kafin mutum ya kai aya numfashi ya ƙare.

Malamin Nahawu: Mararrabi. Daga rarraba, ma- a gaba, -i a baya, sigar sunan kayan aiki ke nan, kamar mabuɗi da madubi da magogi. Jam'i mararrabai. Kada wani ya ce mini mararraba, wannan wuri ne, inda hanyoyi suka rabu. An gama magana.

Injiniya: Malam, da saura. Kalmar ta yi daɗi a baki, amma suwic ta dace da shi. Suwic ne ke ƙara yawan ramukan kebul, yana kai saƙo tsakanin kwamfutocin da ke cikin gida kawai. Rauta tana tsaye ne tsakanin gida da waje. Kamfanin da ya jawo maka layi adireshi ɗaya tak yake ba ka. Ita ce za ta ba kowace kwamfuta da waya adireshin cikin gida, irin su 192.168.1.2 da 192.168.1.3, ta kan riƙe 192.168.1.1 wa kanta. In kwamfutar yaro ta nemi shafi, rauta za ta fitar da buƙatar da wancan adireshi guda, ta rubuta wa ya aika, amsa na dawowa ta kai masa, ba ta kai wa uwarsa ba. Tamkar masinjan ofis ne, duk wasiƙu da sunan ofis suke zuwa, shi ya san teburin kowa. An koma wannan dabara ne don adireshin intanet na tsarin da ake kira IPv4 bai wuce biliyan 4.3 ba, ba zai ishi duniya ba.

Ɗalibi: To a ce masinja kawai, a huta.

Malamin Nahawu: Yaro, masinja ma ai aro ce. Injiniya, abin da ka bayyana ɗin nan ba rarrabawa ba ce?

Injiniya: Rabinsa ne. Kuma abin da ke ruɗa mutane, akwatin nan da ke kan tebur mai ƙahoni biyu, abu uku ne a jiki ɗaya: rauta, da suwic mai ramuka huɗu a baya, da mai watsa Wi-Fi. Wani har da modem a ciki. In ka kira shi mararrabi, ranar da littafin ya ce a jona suwic a ramin rauta, me Mai Fassara zai rubuta? A jona mararrabi a mararrabi?

Dattijo: Ni duk abin nan takaici yake ba ni. Ku duba tambayar tun daga sama: kwamfutoci, intanet, modem, kebul. Wannan Hausa ce? Ina na'ura mai ƙwaƙwalwa? Ina yanar gizo? Faransawa tun 1955 suka yi wa kwamfuta suna da harshensu, har yau shi suke faɗa, ba wanda ya ce sun ci baya. Mu ne duk abin da Bature ya furta sai mu lanƙwasa shi mu haɗiye.

Uwar Biyu: Baba, Allah ya ƙara girma, amma na'ura ma daga Larabci muka samo ta, haka littafi. Kebul ɗin kuwa in aka ce waya, to waya ma ta Bature ce, kuma za a zaci wayar hannu ake nufi. “Zare waya daga bayan rauta ka duba wayarka.” Ka ji fa.

Dattijo: Aron da kakanninmu suka yi ya narke. Naku ko tauna shi ba ku yi.

Injiniya: Baba, yanar gizo da intanet ma ba abu ɗaya ba ne. Yanar gizo shafuka ce, Tim Berners-Lee ya kawo shawararta a 1989, intanet kuwa ta riga ta.

Dattijo: Na yi shekaru ina jin gidajen rediyo na cewa yanar gizo, ba wanda ya ɓata hanya. Ku 'yan boko in ba ku sa Turanci a magana ba, gani kuke ba a san kun yi karatu ba.

Ɗalibi: Baba da wace na'ura ka turo wannan saƙon?

Malamin Nahawu: Yaro ka kama kanka. Amma Baba, ni na kawo tsantsar Hausa a sama, ba ka ko tanka mini ba.

Dattijo: Na gani. Ta yi wa harshe nauyi, “r” ta yi yawa.

Mai Fassara: Jama'a don girman Allah, dare na yi. Ga abin da na tsayar. A shafin farko zan rubuta “rauta, wato na'urar da ke raba layin intanet guda ga kwamfutocin gida,” daga nan sai rauta kawai, don shi ne sunan da mai karatu zai ji a bakin mai gyara. Suwic kuma na ba shi mararrabi, da izinin Malam.

Malamin Nahawu: Ba don shi na ƙirƙira ba. Amma ka sa, ya fi a bar ta a ƙasa. Ka tabbata jam'in mararrabai ne.

Injiniya: Tunda ka riga ka ɗauki alƙalami, duba ko littafin ya ce kebul kada ya wuce mita 100, kuma a sauya kalmar sirrin da rautar ta zo da ita. In ka ga ya ce a zaɓi WEP a matsayin tsarin kulle Wi-Fi, tsohon littafi ne, an daɗe da fasa wannan. WPA2 ko WPA3.

Uwar Biyu: Tambaya ɗaya: rauta mace ce ko namiji? Duk “ita” kuke ta cewa.

Malamin Nahawu: Ta ƙare da -a, mace ce. Mararrabi namiji.

Dattijo: Ni dai ban sa hannu ba. A rubuta haka.

Mai Fassara: An rubuta, Baba. Yanzu na buɗe babi na 3, ga wata “fayawol” tana jirana. Wa ke nan?