Musayar Waƙa: Fadar Manyal a Gaɓar Nilu

Malam Ɗan Gobir:
'Yan uwa mazauna Alƙahira, jiya na kai yara Fadar Manyal da ke nan tsibirin Rauda. Ga tsaraba, mai amsa ya amsa.

Bismillahi, da shi nake farawa,
Mai kogin Nilu, Sarki mai rayawa.
Mun isa Manyal da hantsi da yara,
Inuwa ta tarye mu tun daga shigowa.
Gidan Yarima Muhammad Ali ɗan Taufiƙ ne,
Kusan shekara talatin ana ginawa.
Sai 1929 magina suka huta,
Hasumiyar agogo na duban masu wucewa.
Shuɗin tayil ya lulluɓe bango,
Zanen Turkawa da na Farisawa.
Na sa ido na bi reshen fure ɗaya,
Wuya ya ƙage, zane ba ya ƙarewa.

Ɗan Damagaram:
Malam, ka ga ado, ni na yi hawaye,
A zauren karaga, ɗakin sarauta.
Ranar zinari tana can a rufi,
Jar darduma doguwa an shimfiɗa ta.
Hotunan magabata jere a bango,
Kowa ya hau, ya yi mulki, ya huta.
Mai gidan kuwa riƙon ƙwarya ya samu,
A 1936, Sarki Faruƙ yana yarinta.
Ya yi jiran gado har furfura ta cika,
Aka haifa wa Faruƙ ɗa, hanya ta ɓata.
A 1952 ɗin dai, kafin ta ƙare,
Sojoji suka tuɓe sarki daga masarauta.
A Suwizalan mai gidan ya cika, 1955,
Nesa da Rauda da abin da ya dasa cikinta.

Hajiya 'Yar Katsina:
Ƙanena, share ido ka fito lambu,
Ka zo ka tsaya gindin ɓauren Indiya.
Saiwa daga reshe take saukowa,
Ta kama ƙasa, ta yi kauri, kamar ta cediya.
Jikata ta shige tsakaninsu ta ɓuya,
Sai ɗankwalinta nake hange da dariya.
Can ga gora ta yi tsayi tana kaɗawa,
Ga murtsunguwa iri-iri mai ƙaya.
Irin shuka daga ƙasashe mai gidan ya tara,
Don shi mutum ne mai yawan tafiya.
Ya ce gidan ya zamo na tarihi a bayansa,
Jama'a su shigo, haka ya bar wasiyya.
Ga 'yan makaranta, ga masu jinya
Daga asibitin Ƙasrul Aini, suna shan iska lafiya.
Karagar ba ta raba ni da barci, ƙanena,
Inuwar nan nake roƙa masa ta zam jariya.

Ɗan Damagaram:
Amin, Yaya, na karɓi batunki,
Zan koma in zauna inda kika zauna.
Amma ɗakin dabbobin farauta,
Kawunan barewa a bango ba ni ƙauna.
A 1963 aka ƙara shi,
Idanun gilashi sun tsaya a raina.

Malam Ɗan Gobir:
Ƙanena, wannan ɗaki ka tsallake shi,
Masallaci na kusa da ƙofar shigowa.
Mu yi azahar, sannan Hajiya ta jagorance mu,
Ta nuna mana ɓauren da take yabawa.
Daga nan mu gangara kudancin tsibiri,
Ga Miƙyas, ma'aunin Nilu na mutanen dauri, mu leƙa zurfinsa da gaggawa.
Tun 861 ginshiƙinsa ke tsaye,
Da shi a da ake gane cikar ruwa da janyewa.
Asabar da hantsi a bakin ƙofa,
Kowa ya zo da yaransa da ruwan korawa.