Neman dangin da suka tafi Gwanja

Masu cigiyar kakannin da fataucin goro ya kai Salaga ko Kumasi, a ƙasar Ghana ta yau, sun tattauna, kuma bakinsu ya zo ɗaya: takarda ba ta kai tsoho ba. In ka je can, ka fara gaida Sarkin Zango, wato shugaban unguwar baƙi, shi zai haɗa ka da dattawa. Kada ka tambaya da sunan yanka kawai, Muhammadu da yawa ne. Faɗi laƙabi, garin asali da sana'a. Wasu sun fi yabon tsofaffin mata, domin su ke riƙe wa ya auri wa, ni ma nan na karkata. Ka riƙa goro, ka nemi izini kafin ka ɗauki murya a waya. Zancen gado kuwa, ajiye shi, yana rufe baki nan take.