Shiyyar Rampart: Wake Ɗaya Ne Ya Ɓata Gari, Ko Kuwa Tsarin Ne Ya Lalace?

Baban Zainab:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da na daɗe ina ganin ana yi wa gurguwar fahimta, wato tarihin shiyyar 'yan sanda ta Rampart da ke birnin Los Angeles a jihar Kalifoniya ta Amurka. An kafa shiyyar a 1966 domin ta riƙa sintiri a unguwannin da ke yamma da tsakiyar birnin, irin su Westlake da Pico-Union da Echo Park, amma a yau duk wanda ya ji sunanta, abin da ke faɗo masa a rai shi ne badaƙalar 1999. Ni a ganina an zalunci wannan shiyya. Kusan dukan zargin ya fito ne daga bakin mutum ɗaya, Rafael Pérez, ɗan sandan da aka kama a watan Agustan 1998 bisa satar hodar iblis daga ɗakin ajiyar kayan shaida, wanda da ya hango ɗauri mai tsawo na jiransa sai ya sayi sassauci da sunayen abokan aikinsa. Jami'ai kimanin 70 ne zargin ya shafa, amma 24 ne hukumar ladabtarwa ta rundunar ta samu da laifi, 5 kacal kuma aka kora. Wake ɗaya ne ya ɓata gari, aka shafa wa dukan shiyyar kashin kaji.

Maman Faruk:
Wa alaikumus salam. Baban Zainab, da girmamawa, ka fara labarin daga tsakiya. Ina roƙonka ka koma ga daren 12 ga Oktoban 1996, lokacin da Pérez da abokin sintirinsa Nino Durden suka harbi wani matashi ɗan shekara 19 mai suna Javier Ovando a wani gidan haya, alhali babu makami a hannunsa, sannan suka ajiye bindiga kusa da shi, suka rubuta cewa shi ne ya afka musu. Yaron ya rayu, amma ƙafafunsa sun shanye. A haka aka gurfanar da shi, jami'an biyu suka yi rantsuwa a kan ƙarya, aka yanke masa shekara 23, har alƙali yana cewa bai nuna nadama ba. Wace nadama zai nuna a kan abin da bai aikata ba? Bai fito ba sai a Satumban 1999, bayan Pérez ya faɗi gaskiya, kuma a 2000 birnin ya amince ya biya shi diyyar dala miliyan 15.

Abin da nake so ka duba shi ne yawan hannuwan da wannan ƙarya ta bi ta wuce. Akwai shugabannin da suka karɓi rahoton harbin, da masu binciken da suka wanke jami'an, da mai gabatar da ƙara, da kotun kanta. Babu ƙofa ɗaya da ta tsayar da ita. Bayan haka an soke hukunci fiye da 100 saboda ƙage da shaidar zur. Mutum ɗaya ba ya iya wannan ɓarna sai ya sami gidan da babu mai tambayarsa.

Baban Zainab:
Hajiya, ban musa abin da aka yi wa Ovando ba, zalunci ne tsagwaronsa, kuma Pérez da Durden duka sun yi zaman kurkuku. Amma soke hukunci ba ya nufin wanda aka saka ba shi da laifi. Sau da yawa masu gabatar da ƙara sun janye ne don ba za su iya ci gaba da dogaro da shaidar maƙaryaci ba. Ki kuma tuna da shari'ar da aka yi wa jami'ai huɗu a 2000. An wanke ɗaya, aka sami uku da laifi a Nuwamba, kafin shekarar ta ƙare alƙaliya Jacqueline Connor ta soke hukuncin, ba a kuma sake gurfanar da su ba. Daga baya uku daga cikin waɗanda aka yi wa shari'ar suka maka birnin a kotu, aka ba kowannensu dala miliyan 5. Su ma mutane ne masu iyali, an ɓata musu suna a banza.

Tsohon Sufeto:
Ku ba ni dama in yi magana a matsayin wanda ya ci abinci da kaki. Ba za a fahimci Rampart ba sai an fahimci halin da unguwar ta shiga tun daga shekarun 1980. Yaƙin basasa a El Salvador da Guatemala ya koro dubban mutane, suka cika gidajen hayar Westlake da Pico-Union har wurin ya zama ɗaya daga cikin mafiya cunkoso a birnin. A nan ƙungiyar 'yan daba ta MS-13 ta samo asali, a nan kuma ta 18th Street ta yi ƙarfi, suna karɓar kuɗin fito daga dillalan ƙwaya da masu talla, filin shaƙatawa na MacArthur Park kuwa ya koma kasuwar ƙwaya da rana tsaka. Sashen yaƙi da 'yan daba da ake kira CRASH, wanda ya bazu a shiyyoyin birnin a zamanin shugaban rundunar Daryl Gates, an tura shi ne ya kwantar da wannan wuta, kuma laifuka sun ragu ƙwarai a ƙarshen shekarun 1990. Uwar da ta sami damar aiken ɗanta kanti da daddare ba za ta raina wannan aiki ba.

Sai dai a wuri ɗaya na rabu da Baban Zainab. Jami'an CRASH na Rampart, sashen da Pérez da Durden suke ciki, a lokacin suna aiki ne daga wani gini daban da babban ofishin shiyyar, nesa da idon manya. Duk wanda ya taɓa riƙe caji ofis ya san cewa idan ka ware samari masu jini a jika, ka ba su bindiga da suna na musamman, ka ce sakamako kawai kake so, ba ka kuma duba littafin aikinsu kullum, to ka san abin da ka shuka. A nan laifin manya ne kafin ya zama na yara.

Malamin Tarihi:
Yallaɓai Sufeto, ka kai mu bakin gaɓar, bari in ƙarasa. Hujjar Baban Zainab ta tsayu ne a kan cewa Pérez ne farkon maganar, alhali alamu sun bayyana kafin ya buɗe baki. A Nuwamban 1997 David Mack, tsohon abokin aikin Pérez kuma amininsa, ya yi fashi a wani reshen Bank of America, ya kwashe kimanin dala 722,000, ba a daɗe ba aka ga su biyun suna shagali a Las Vegas. A Fabrairun 1998 wani jami'in CRASH na Rampart, Brian Hewitt, ya doki wani da ke tsare a cikin ofishin shiyyar har ya yi aman jini, aka kore shi daga aiki. Shi kansa Pérez ya sha karɓo hodar iblis daga ɗakin ajiya yana mayar da garin haɗa fanke a madadinta, ba wanda ya lura. Ɗakin shaidar da za a musanya hoda da gari a cikinsa ba a gane ba, matsalarsa ta wuce ta ɓarawo ɗaya.

Kuma ba masu adawa da 'yan sanda kaɗai suka faɗi haka ba. Kwamitin binciken da shugaban rundunar na lokacin, Bernard Parks, ya kafa ya fitar da rahotonsa a Maris na 2000, ya amsa cewa an yi sakaci wajen sa ido da tantance waɗanda ake ɗauka aiki, a watan kuma aka rusa CRASH. Masanin shari'a Erwin Chemerinsky, wanda ƙungiyar 'yan sandan da kanta ta nemi ya duba rahoton, ya ce an ma rage girman matsalar, ya ɗora alhakin a kan al'adar rufa wa juna asiri. Shekara 9 kafin nan, bayan dukan da 'yan sandan birnin suka yi wa wani direba baƙar fata, Rodney King, a 1991, kwamitin Warren Christopher ya riga ya yi gargaɗi a kan wannan al'ada, ya kuma ba da shawarar a riƙa bin diddigin jami'an da ƙorafi ya yi yawa a kansu. Ba a aiwatar da shawarar yadda ya kamata ba har Rampart ta fashe.

Ɗalibar Shari'a:
Malam, ina da tambaya. Idan ɓarnar ta kai haka, me ya sa waɗanda aka hukunta ba su taka kara sun karya ba? Wannan ne ya sa maganar Baba ta yi mini nauyi.

Maman Faruk:
Ƙanwata, tambayarki ita ce zuciyar muhawarar. Ƙarancin waɗanda aka hukunta yana iya nufin laifin kaɗan ne, yana kuma iya nufin binciken bai yi zurfi ba, kuma akwai dalilin ɗaukar na biyun. Rundunar ce ta binciki kanta. Ofishin mai gabatar da ƙara, Gil Garcetti, da ofishin Parks sun yi ta sa-in-sa a bainar jama'a a kan musayar bayanai. Babban shaida ɓarawo ne da ya amsa laifinsa, sauran shaidun kuwa yawancinsu 'yan daba ne ko baƙin haure, waɗanda maganarsu ba ta da nauyi a kotu, wasu ma tsoron a mayar da su ƙasarsu ya hana su fitowa. Tun 1979 rundunar tana da umarnin da ya hana jami'i tare mutum don kawai ya binciki takardun zamansa, amma an zargi jami'an CRASH na Rampart da haɗa kai da hukumar shige da fice don a kori waɗanda ke iya ba da shaida a kansu. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai: an zaɓi mutanen da aka san ba su da bakin kai ƙara. Kwamitin da lauya Connie Rice ta jagoranta ya sake nazarin lamarin, a rahotonsa na 2006 ya nuna cewa ba a bi diddigin ɓarnar har ƙarshenta ba. Don haka adadin 24 da Baban Zainab ya kawo, iyakar abin da aka tabbatar ne a cikin binciken da bai cika ba.

Baban Zainab:
Na ji bayanin Malam da na Hajiya, kuma na karɓi maganar sakacin manya, domin rahoton Parks ya faɗe ta. Amma ba zan karɓi cewa rashin hujja shi ma hujja ne ba. Idan aka ce duk wanda aka wanke an wanke shi ne don bincike bai yi zurfi ba, to babu ɗan sandan Rampart da zai taɓa tsira daga zargi har abada, wannan kuwa ba adalci ba ne. Ɗaruruwan jami'an sintiri na shiyyar ba su taɓa shiga CRASH ba, su ne ke amsa kiran gaggawa dare da rana, su ne kuma suka ɗauki kunyar.

Tsohon Sufeto:
Alhaji, wannan gaskiya ce, kuma jami'in kirki shi ne na farko da irin wannan sashe ke cutarwa, domin daga ranar ba wanda zai ƙara yarda da rantsuwarsa. Mu ma mun ga haka da SARS, wadda aka rusa a Oktoban 2020 bayan zanga-zanga. Amma ka dubi maganin da aka ba Los Angeles, za ka gane cutar da aka gano. Ma'aikatar Shari'a ta tarayyar Amurka, bisa ikon da wata dokar 1994 ta ba ta, ta sa birnin ya shiga yarjejeniyar gyara a ƙarƙashin kotu, wadda ta fara aiki a 2001. An tsara ta don shekara 5, ba a ƙare da ita gaba ɗaya ba sai 2013. Ta wajabta rumbun kwamfuta mai bin tarihin kowane jami'i, da bitar takardun kame a kai a kai, da ƙayyade tsawon zaman jami'i a sashen yaƙi da 'yan daba, da bayyana kadarori ga masu aikin ƙwaya da daba. Ba a yi wa runduna guda irin wannan aiki na shekara 12 saboda mutum ɗaya.

Malamin Tarihi:
Ina ƙara abu ɗaya domin kada a ɗauka yarjejeniyar ta rufe littafin. An hana Parks wa'adi na biyu a 2002, William Bratton ya gaje shi, MacArthur Park ya sami sauƙi na wasu shekaru, a 2008 shiyyar ta koma sabon ofishi a titin 6th, a 2009 kuma aka buɗe shiyyar Olympic ta karɓi wani ɓangare na yankinta. Duk da haka, ranar 1 ga Mayun 2007, ana tsakiyar wannan gyara, 'yan sanda suka tarwatsa taron masu neman haƙƙin baƙin haure a cikin MacArthur Park da kulake da harsasan roba, har da 'yan jarida cikin waɗanda aka doka, birnin ya biya diyyar kusan dala miliyan 13. Jami'an da suka yi dukan yawancinsu na sashen Metropolitan ne, ba na Rampart ba, wannan kuwa yana taimakon Baban Zainab ta fuska ɗaya, domin ya nuna cutar ba ta shiyyar ba ce ita kaɗai. Amma yana rusa hujjarsa ta asali, domin a ranar Pérez ya kusa shekara 9 da rabuwa da kaki.